Agogon kafinta da mutumin da ya tashe shi

A wannan makon za mu leƙa Ingila, mu ga yadda agogon da ya jure tafiyar teku ya kusa hallaka a ɗakin ajiya.

John Harrison kafinta ne, an haife shi a 1693. Agogonsa na farko, wanda ya ƙera a 1713, da katako ya yi injinsa. Daga baya ya riƙa amfani da wani itace mai tauri da ake kira lignum vitae, wanda ke fitar da maiƙo da kansa, don haka ba sai an sa wa agogon mai ba.

A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya samo hanyar da matuƙan jirgin ruwa za su san nisan da suka yi gabas ko yamma. Harrison ya ga cewa maganin shi ne agogon da zai riƙe lokacin gida ba kuskure, domin bambancin awa ɗaya tsakanin gida da inda jirgi yake digiri 15 ke nan. A 1735 ya kammala agogon da yau ake kira H1, mai nauyin kilo 34, jikinsa tagulla, ƙafafun haƙoransa katako. A 1736 aka gwada shi a tafiya zuwa Lisbon, ya dawo lafiya.

Ɓarnar a tudu ta same shi. A 1766 hukuma ta karɓe agogunan Harrison daga gidansa da ke Landan. Wajen ɗauka H1 ya suɓuce ya faɗi, aka ɗora su a keken doki zuwa Greenwich. Can suka daɗe a ajiye, danshi yana cinsu, wasu sassa suka ɓace.

A 1920 wani hafsan sojan ruwa, Rupert Gould, ya tarar da su a haka, tsatsa mai kore ta lulluɓe H1. Ya nemi izinin gyara su ba tare da an biya shi ko sisi ba. Abin lura a nan, sharewa kawai ya fara yi wa H1. Da ya ga sassan da suka ɓace suna da yawa, sai ya ajiye shi ya koma kan sauran agogunan, har ya fahimci yadda Harrison yake tunani. Sai da ya gama da su ya dawo ya ƙera abin da babu. Duk abin da ya kwance ya zana shi, ya rubuta, har ya cika littattafai 18.

Ranar 1 ga Fabrairu 1933 H1 ya sake bugawa, bayan fiye da shekara 160 yana tsaye. Aikin ya ci wa Gould shekara 13, a tsakiyarsu aurensa ya mutu.

Masu adana kayan tarihi na yau sun fi shi taka-tsantsan wajen sauya sassa, amma rubutunsa ya sa ana iya bambance hannunsa da na Harrison. Wanda ya je Greenwich yau zai tarar da H1 yana aiki.

Idan tsohon abu ya faɗo hannunmu, mu fara sanin yadda mai shi ya ƙera shi kafin mu ɗauki guduma, mu kuma rubuta duk abin da muka taɓa.