Cibiyar Hangen Samaniya ta Mount Pleasant

Cibiyar Hangen Samaniya ta Mount Pleasant wurin bincike ne mallakar Jami'ar Tasmania a ƙasar Ostiraliya. Tana kusa da garin Cambridge, kimanin kilomita 20 gabas da birnin Hobart. Na'urorinta na hangen nesa ba hasken da ido ke gani suke kamawa ba, siginar rediyo da ke fitowa daga taurari suke tattarawa.

Tarihi

Babbar eriyar cibiyar mai siffar faranti tana da faɗin mita 26. Da farko hukumar NASA ta Amurka ce ke amfani da ita a tashar Orroral Valley wajen bin sawun taurarin ɗan Adam. Bayan an rufe tashar, sai aka ba jami'ar ita, aka kuma buɗe cibiyar a shekarar 1986. A 1995 jami'ar ta karɓi wata eriya mai faɗin mita 30 a Ceduna, a Kudancin Ostiraliya, wadda a da ta sadarwa ce.

Yadda ake haɗa na'urori

Gwargwadon faɗin eriya, gwargwadon tsabtar hoton da take bayarwa. Saboda haka masana ke amfani da dabarar da ake kira VLBI. Eriyoyi masu nisa da juna suna fuskantar abu ɗaya a lokaci guda, kowace tana naɗar sigina tare da lokacin da agogon atom ya nuna. Idan kwamfuta ta haɗa bayanan, sai su zama tamkar eriya ɗaya mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Muddin duk eriyoyin a doron ƙasa suke, tazarar ba za ta wuce faɗin duniya ba. Wannan ya sa aka fara harba wasu zuwa sararin samaniya.

Haɗin gwiwa da ƙasashen waje

Eriyar da ke sama ba ta iya wannan aiki sai da abokan aiki a ƙasa. Manyan eriyoyi kuma ba su da yawa a kudancin duniya, don haka na Tasmania da Ceduna suka zama masu muhimmanci.

Sun yi aiki da tauraron HALCA na Japan, wanda aka harba a 1997 ɗauke da eriya mai mita 8. Tazarar ta kai kusan ninki uku na faɗin duniya. Daga baya sun shiga shirin RadioAstron na Rasha, wanda aka harba tauraronsa a 2011, yana yin nisan sama da kilomita 300,000 daga duniya. A ranar 14 ga Janairu 2005, suna cikin eriyoyin da suka bi sawun kumbon Huygens na Turai yayin saukarsa a Titan, watan duniyar Saturn.

Koyarwa

Ɗaliban jami'ar suna koyon sarrafa eriyoyin da nazarin bayanai a cibiyar. Akwai kuma gidan tarihi na tunawa da Grote Reber, Ba'amurken da ya ƙera eriyar farko irin wannan a 1937, wanda ya ƙare rayuwarsa a Tasmania.