Taƙaddamar Angle da Tweed: A Ina Ya Kamata Haƙoran Gaba Su Tsaya?

A shekarar 1899 likitan haƙori na Amurka, Edward Angle, ya wallafa rabe-raben karkacewar cizo gida uku, wanda har yau ake koyarwa a makarantun likitancin haƙori. Ma'auninsa shi ne yadda turmin farko na sama yake haɗuwa da na ƙasa. Ya yi imani cewa muddin aka jera haƙoran mutum gaba ɗaya bisa daidai, kyan fuska zai biyo baya da kansa. Saboda haka ya haramta wa ɗalibansa cire lafiyayyen haƙori don samar da fili.

Matsalar ita ce ba kowane muƙamuƙi ne ke da wurin ɗaukar dukkan haƙoransa ba. Idan aka tilasta jera su a ƙuntataccen wuri, na gaba ne ke turowa waje. Charles Tweed, ɗalibin Angle da ke aiki a jihar Arizona, ya bi koyarwar malaminsa shekara da shekaru, har ya lura cewa da yawa daga waɗanda ya yi wa aiki leɓunansu sun tuɗo, haƙoran kuma suna komawa gidan jiya bayan an cire waya. Sai ya sake kiransu, ya cire ƙananan turame huɗu da ke bayan fiƙoƙi, ya ja na gaba baya. A 1940, shekara goma bayan rasuwar Angle, ya gabatar da sakamakon mutum 100 a gaban abokan sana'arsa. Wasu sun ɗauke shi maci amanar malaminsa, amma hanyarsa ta yaɗu.

Gudummawar Tweed mai ɗorewa ita ce mayar da haƙoran gaba na ƙasa wurin fara lissafi: su tsaya kusan digiri 90 bisa layin muƙamuƙin ƙasa. Mai dasa haƙori ko yi masa hula a yau yana fuskantar tambayar nan. Idan ya turo na sama don murmushi ya yi kyau, cizo da furuci na iya lalacewa. Idan ya kula da tauna kaɗai, leɓe ya rasa madogara.

Sai dai ma'aunan kyau na wancan zamani daga fuskokin Turawa aka ɗauko su. Wushiryar da littattafansu suka lissafa cikin abubuwan gyara, a ƙasar Hausa ado ce. Duk wanda zai zauna a kujerar likita don gyaran haƙoran gaba, ya kamata ya tambaya me cizonsa yake buƙata, ya kuma faɗi abin da ba ya so a taɓa.