Yadda ake koya wa kajin gida shan ruwa a nifil

A galibin gidajen Birnin Kudu da Gwaram, ruwan kaji yana zama ne a fasasshen kasko ko tsohuwar tasa a gindin randa. Kafin azahar ruwan ya cika da ƙasa da dusa da kashin kajin, wani lokaci kuma ɗan tsako ya faɗa ciki ya mutu. Wannan ne ya sa manyan gonakin kaji suka koma ga wata ƙaramar na'ura da masu sayar da kayan kiwo ke kira nifil, wadda a yanzu mai kaji goma ma kan iya saye ya ɗaura a jikin bokiti. Sai dai kazar da ta saba da kasko ba ta san akwai ruwa a wurin ba, dole sai an koya mata.

Yadda na'urar take aiki

Nifil ɗan bututu ne na roba, yawanci ja, mai ɗan tsinken ƙarfe a bakinsa. Muddin ba a taɓa tsinken ba, ruwa ba ya fita. Da zarar kaza ta caka shi, sai ɗigo ya sauko mata cikin baki. Iri biyu ne: wanda ake ɗaurawa a ƙasan bokiti a rataye bokitin, da wanda ake ɗaurawa a gefe a aza bokitin kan bulo.

Hausawa kan ce kaza tana ɗaga kai ne ta gode wa Allah idan ta sha ruwa. A halittarta kuwa, kaza ba ta iya zuƙar ruwa kamar tattabara, sai ta ɗiba da baki ta ɗaga kai ya gangara. Saboda haka ruwan da ke saukowa daga sama ya dace da ita.

Amfanin na'urar shi ne tsabta. Cutar zawon jini ta kaji tana yaɗuwa ta kashi, kuma danshin da ke kewaye da kasko yana raya ƙwayoyinta. Cutar Newcastle, wadda ta samo suna daga wani gari a Ingila inda ta ɓulla a 1926, ta fi yi wa kajin gida ɓarna a lokacin hunturu, kuma gurɓataccen ruwa yana daga cikin hanyoyinta. Rufaffen bokiti kuma yana hana tsuntsayen daji sha tare da kaji, abin da likitocin dabbobi ke jan kunne a kai tun ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006.

Haɗa bokitin

A samu bokiti mai lita 10 ko 20 wanda haske ba ya ratsa shi, domin rana kan haifar da gansakuka a farar jarka. A huda shi daidai da kaurin nifil ɗin, a naɗa farin zaren masu gyaran famfo kafin a murɗa. A yi wa murfin ɗan ƙaramin huji. Idan iska ba ta shiga, ruwan zai daina sauka ko da bokitin a cike yake. Nifil ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10, amma ko kajin ba su kai haka ba, a sa biyu, don kada zakara ko babbar kaza ta tare wurin.

Tsayin yana da muhimmanci. Ga 'yan tsaki, a sa shi daidai idonsu a kwana biyun farko, sannan a riƙa ɗagawa suna girma. Ga manya, ya zama sai kaza ta miƙa wuya kaɗan ba tare da ta yi ɗage ko tsalle ba.

Lokacin da ya dace

A nan ne akan yi asara. Kaza ba ta yin gumi, da haki take rage zafin jikinta. Mai ƙwai kan sha kimanin rubu'in lita a rana, a tsananin zafi kuma takan ninka hakan. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, shi ya sa ƙishirwar yini ɗaya kan rage ƙwai na kwanaki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Jigawa kan kai digiri 40, ɗauke wa kaji kasko na iya kashe su. A yi koyon da damina ko da hunturu, kuma a fara da sassafe, lokacin da suka fito daga akurki da ƙishirwa.

Matakan koyarwa

Da farko a rataye bokitin a inda kaskon yake, a bar su tare kwana biyu ko uku har kajin su daina tsoronsa. Ranar koyo a killace su wuri guda, domin kazar da ke yawo za ta sha a kwata ko a wurin wanke-wanke, ba za ta kula da nifil ba.

A ɗauke kaskon, a taɓa tsinken da yatsa har ɗigo ya rataya a bakinsa. Launin ja da ƙyallin ruwa kan ja hankalin kaza ta caka. Idan sun ƙi, a kama wadda ta fi sabo da mutane, a kai bakinta ga tsinken a hankali har ruwa ya jiƙa shi, a maimaita sau biyu ko uku, a sake ta. Kaji suna koyi da juna. Idan biyu suka gane, sauran kan biyo baya. 'Yan tsaki sun fi saurin koyo, tsofaffin kaji kan ɗauki kwanaki.

Idan rana ta ɗaga wasu ba su sha ba, a mayar da kaskon, a sake gwadawa washegari. Raguwar ruwa a bokiti ba ta nuna kowace kaza ta sha, don haka a tsaya a ga kowacce da ido. Wadda ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ko ta daina cin tsaba, a ba ta ruwa nan take.

Kula ta yau da kullum

Ruwan rijiya da na burtsatse kan zo da yashi mai toshe tsinken, saboda haka a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kowace safiya a taɓa kowane nifil a tabbatar yana ɗiga, a wanke bokitin duk mako, a kuma ajiye shi a inuwa, domin kaji kan ƙi ruwan da ya yi zafi.

Tsabtataccen ruwa ba ya maye gurbin rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafin Newcastle, ana kuma neman bayaninsa a ofishin likitan dabbobi ko wajen malaman gona na JARDA. Idan ta ruwa za a ba da shi, kada a yi amfani da ruwan famfo mai sinadarin kilorin, domin yana kashe ƙarfin maganin.