Bango

bango (suna, namiji, jam'i: bangwaye). 1. Katangar ɗaki ko gida. 2. Shafin waje na littafi ko mujalla, mai ɗauke da sunanta, da hoto, da kanun labarai, da farashi.

Ɗalibin aikin jarida daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, idan aka ce ya tsara bangon mujallar waƙa, yakan cika shi da hotuna da launuka don ya burge malami. Kuskure ne. Mai saye kallo ɗaya yake yi wa bango a teburin mai jarida, saboda haka fuska ɗaya ta isa, da suna a sama da manyan baƙaƙe, da kanu biyu ko uku. Abin koyi kuwa yana gida: Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, shi ya kafa mujallar *Fim* a 1999, wadda fuskokin taurarin bangonta ke jawo mai saye.

Za a ce waƙar Hausa aikin taro ce, ina makaɗan kalangu da 'yan amshi? Gaskiya ne, mawaƙi Mamman Shata a zamaninsa ba shi kaɗai yake fita fage ba, amma wurinsu shafukan ciki ne, inda za a ambaci kowa. Wani zai ce yanzu a waya ake karatu. To, a waya bango ƙanƙancewa yake yi, hoton mutum goma ba a gane fuskar kowa.