Tsakanin Kware da Ofishin Shawara: Ina Ɗalibin Gobir Zai Kai Kukansa?

Ƙasar Gobir ba ta taɓa rasa inda za ta kai wanda hankalinsa ya gushe ba. A zamanin Alƙalawa, babban birnin Gobir, Inna ce uwar 'yan bori, wurinta ake neman lafiyar wanda aka ce iska ta taɓa. Da birnin ya faɗi a 1808, malamai suka karɓi aikin a ɓangaren Sakkwato da tofi da rubutun sha, bori kuma ya samu mafaka a Tsibiri da Maraɗi. Ko mutum ya yarda da waɗannan hanyoyi ko bai yarda ba, majinyaci dai yana tsakiyar danginsa ake yi masa magani.

Turawan mulki suka zo da tsarewa. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, damuwarta kare jama'a daga majinyaci ce. Thomas Adeoye Lambo ne ya fara karya wannan tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da 'yan uwansu. Duk da haka tsohuwar dokar ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Rabon Sakkwato daga wannan tarihi shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, wanda sunansa kaɗai ya isa abin zolaya a bakin matasa.

Ofishin ba ɗalibai shawara kuwa wata hanya ya biyo. A 1959 malaman makarantar 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa masu kammala karatu bayanin sana'o'i. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba abin gurbi a makarantu. Tambayarsa tun asali ita ce wane kwas za ka karanta, wane aiki za ka yi.

A tsakanin waɗannan biyu ɗalibin Gobir na Sabon Birni da Isa ya faɗa. A Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin mota, a Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Yaron da ke zaune a aji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, alhali ana haɗa kuɗin fansa a gidansu ko iyayensa suna gudun hijira a Gidan Rumji ta Nijar, ba mahaukaci ba ne da za a kai Kware, ba kuma zaɓen kwas ne ya hana shi barci ba.

Za a ce muna da tawakkali, muna da malamai da dangi, wannan shawara ta kan kujera al'adar wasu ce. Ba a raina haƙuri da addu'a, amma tsohon tsarin ya dogara ne da gari mai zaune lafiya, kuma garin ne aka tarwatsa. Malamin ma yana cikin masu gudu. Za a kuma ce likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, gaskiya ne. Sai dai tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin kiwon lafiya matakin farko, kuma shirin lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 an gina shi ne domin a horar da nas ko ma'aikacin lafiya, irin na asibitin makaranta, ya iya gane ciwon damuwa da firgici, ya tura mai tsanani gaba. Wannan horo ne a ganina ya fi cancanta a fara da shi, kafin a gina wani sabon ofishi da allo a ƙofa.