Ciwon wuya: abin da hannun kine ke iya yi

A Moursal, cikin gunduma ta 6 ta birnin N'Djamena, ba sai an je asibiti ake ganin masu ciwon wuya ba. Ga ɗan kalando da ke wuni bisa babur yana shan gargada, ga tela a sunkuye kan keke, ga mai ɗaukar kaya a ka. Mu malamai ma muna ciki, saboda gyaran takardun ɗalibai.

Irin wannan ciwo ba wata cuta ce ta shiga jiki ba. Tsoka da gaɓoɓi ne suka gaji. Wuya yana da ƙasusuwa 7, su ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5, kuma duk lokacin da aka sunkuya, wahalarsu ƙaruwa take yi. Alamarsa ita ce yana tsananta da wani motsi ko wani zama, ya lafa idan an sauya.

Mai wannan aiki a Faransanci shi ne kinésithérapeute, a nan "kine" kawai ake cewa, a Kano kuwa likitan fisiyo. Akwai su a cibiyar CARK ta unguwar Kabalaye, wadda ƙungiyar SECADEV ke gudanarwa.

Kine yakan fara da tambaya da gwada iyakar juyawar wuya, sannan tausa don tsokar da ta ɗaure ta saki. Babban aikin shi ne motsa gaɓa. Majinyaci na kwance, shi kuma yana danna ƙashi ɗaya a hankali, yana saki, yana maimaitawa, ba tare da ya wuce inda gaɓar ke tsayawa ba. Geoffrey Maitland na Ostireliya ne ya tsara wannan mataki-mataki. A salon Brian Mulligan na New Zealand kuwa, majinyaci na zaune yana juya kai da kansa, kine na tallafe gaɓar da yatsa. Akwai kuma jan kai a hankali.

Sai fizgar nan mai sauri da ke sa wuya ya yi "ƙas". Mutane na sonta, har wasu masu aski na yi wa abokan ciniki kyauta. Ni dai ba na yarda a yi mini. Ƙarar ba shaidar waraka ba ce, kuma ko da yake ba kasafai ba, fizgar na iya raunata jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki.

Bincike ya nuna aikin hannu ya fi amfani idan an haɗa shi da motsa wuya da kafaɗa a gida.

Akwai inda tausa ba ta da hurumi: bayan haɗarin babur, ko idan hannu yana mutuwa ko ya rasa ƙarfi, ko ana jin jiri. A nan likita ne farko. Wuya ya sage tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani kuwa, musamman lokacin hunturu da bazara, a yi zargin sanƙarau, a tafi asibiti a ranar.