Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Haƙƙin Mallakar Rubutu a Wurinmu

 Makalar wannan mako za ta faro ne daga Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina, ƙofar da Gwamna Lugga ya shigo ta cikinta a 1903. Mulkin da ya shigo ta nan shi ne daga baya ya kawo mana dokar haƙƙin mallaka.

Kafin zuwan Turawa, kwafar littafi aikin lada ne. Almajiri zai ari littafin malaminsa ya kwafe da tawada da alƙalami, ba wanda zai ce ya biya. Abu guda ne ba a yarda da shi ba: share sunan mai shi. Mawaƙi kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, mai kwafa kuma ya rubuta nasa daban a ƙarshen takarda. Irin wannan amana ce ta sa har yau muke iya nuna rubutun Wali Ɗan Marina da na Ɗan Masani, malaman Katsina na ƙarni na 17, mu ce ga mai shi.

A 1911 Ingila ta yi dokar haƙƙin mallaka, a 1912 aka shimfiɗa ta a kan Nijeriya. Daga nan rubutu ya zama dukiya, ana sayar da shi, ana gadonsa. A wannan shekara ta 1911 aka haifi Abubakar Imam a Kagara. Yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Masu nazari sun nuna cewa Imam ya ɗebo wasu labaran Ruwan Bagaja daga Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu tun 1122. A Magana Jari Ce kuma ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai. Me ya sa ba a kira shi ɓarawon zaune ba? Na farko, masu waɗancan ayyuka sun daɗe da rasuwa, ayyukan sun zama na kowa. Na biyu, bai kwafe kalmomin kowa ba. Ya ɗauki ƙashin labari ya yi masa tsoka da Hausarsa, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Doka ma a kan haka take: tana kare yadda ka tsara maganarka, amma jigo kowa na iya taɓawa.

Nijeriya ta yi tata dokar a 1970, ta sake ta a 1988, aka kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta shafi intanet, har ta ba mai aiki damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora ba izini. Kariyar rubutu tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Imam ya rasu a 1981, ke nan littattafansa na da kariya har 2051. Wanda ya ɗauki hoton shafukansu yana rabawa a WhatsApp, dukiyar wasu yake kyauta da ita. Haka wanda ya yanko maganar wani ya manna a hoton barkwanci, ya goge sunan mai ita ya sa nasa, ya karya doka, ya kuma karya amanar da magabata suka riƙe tun ba doka.

Mu da muke fatan a karanta mu gobe, mu fara da kanmu. Mu sa suna da kwanan wata a kan duk abin da muka rubuta, mu adana rubutun farko. Mu karanta yarjejeniya kafin mu miƙa labari ga mai ɗab'i ko mai shirya fim. In mun ara, mu faɗi wurin da muka aro. Abin da ba mu so a yi wa littafinmu na farko, kada mu yi wa na wani.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.